Zuwa ga Sarkin 'Yan Kallon Zazzau

Bazazzagi, bawan Kanawa, ina gaisuwa. Kar ka tashi, yi zamanka, na san gwiwar ba ta gama saki ba tun zagayen baje kolin bara. Ina mutanen Kwangila? Ina yara? Ka gaishe min da uwargida, baiwar Allah mai haƙuri, wadda babu bikin da ba ta ji labarinsa a bakinka ba, babu kuma wanda ta taɓa ganin tsarabarsa.

Ƙararka aka kawo min, Na-Kufena. Ba mutum ɗaya ba kuma. Mai gashi ya zo, mai zane ya zo, mai sayar da littattafai ya zo har da ƙwalla. Ba su san juna ba, amma kwatancensu ɗaya: wani dogo mai babbar riga ta sha aiki, hula a karkace, waya a hannu kullum tana ɗaukar hoto, aljihu kuma tela ya ɗinke shi tun ranar da aka yanka yadin. Na ce su daina wahalar da kansu, na san mutumin, nawa ne, gadonsa na yi.

Bari mu fara da buɗe wuraren cin abinci, tunda nan ka fi suna. A wasu garuruwan idan an ce an buɗe sabon wurin shaƙatawa, mashaya ake nufi. Mu nan tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma Hisbah ta saba tara kwalabe tana bi ta kansu da motar rusau, abin da ake buɗewa da kiɗa da rumfa shi ne gidan shawarma, ko wajen gashi, ko teburin mai shayi da ya yi kuɗi ya koma ɗaki mai sanyi. Daga Zoo Road zuwa titin Audu Bako zuwa cikin Nassarawa, da wuya wata ya fita ba a yanke ƙyalle a ƙofar wani sabon wuri ba. A jera kujeru, a kira mai lasifika, 'yan TikTok su zo su yi ta lanƙwasa baki a gaban faranti, sannan a zagaya da ɗanɗano kyauta.

Ban san wa yake tsegunta maka ba. Mu da muke kwana a garin sai mu ji labari bayan an share wuri, kai kuwa daga Zariya, tafiyar sama da kilomita 150, kana layin gaba kafin mai wurin ya gama ɗaura agogo. Da farko na ɗauka asara kake yi, don kuɗin mota ya ninka kuɗin shawarma. Ashe rage hanya ake yi maka. Motar tumatir ta sauke ka a Kwanar Gafan, ta shinkafa ta ƙarasa da kai Na'ibawa, daga nan ka kira ni ka ce kana kusa, in turo yaro da babur.

Kuma da za ka ci ka yi shiru da sauƙi. A'a. Sai ka kira mai wurin gefe ka ba shi shawara: yaji ya yi kaɗan, a ƙara albasa, a sauya fitilar ƙofa. Bawan Allah ya biya hayar shekara tun kafin ya sayar da tsinke ɗaya na tsire, ga man janareta, ga albashin yara, wataƙila filin gadonsa ya sayar, yana tsaye yana gyaɗa maka kai don ya zaci babban kwastoma ya samu. Washegari aka manna farashi a bango. Tun daga ranar ko mai kama da kai ba a sake gani a layin ba. Irin wuraren nan makon farko ba masaka tsinke, wata na uku ma'aikata na gyangyaɗi a kan kanta, kafin shekara ta zagayo an mayar da shagon wajen sayar da labule. Mutane su ce asiri aka yi masa. Ba wani asiri, kai ne da jama'arka.

To ka ji, ban ce kai kaɗai ba ne. Akwai Kanawa irinka, sai dai mu muna kyautata zaton asalinsu daga wajenku ne.

Sai baje koli. Namu na KACCIMA ana yin sa ne a filin Zoo Road wajen ƙarshen shekara, lokacin da hunturu ya fara busa leɓe. Na Kaduna kuma, wanda KADCCIMA ke shiryawa a filin da ke hanyar Zariya wajen Rigachikun, yakan faɗo farkon shekara. Wato Allah ya tsara maka abin daki-daki, ka gama da mu ka huta, ka faɗa wa Kaduna. Ka shiga da hannu biyu, ka fito da leda shida, babu wadda ka biya ko sisi: kalandar banki, biron kamfanin taki, hular kamfanin siminti, takardar bayanin injin ban ruwa da ba ka da gonar kai shi. Wajen masu madara ka ɗanɗana, ka zagaya ta baya ka cire hula ka sake ɗanɗanawa. Mutanen Nijar da suka sha hanya da kilishi da cuku da takalman fata sun san ka, da sun hango ka sai su ja tire ciki. Ka hau tarakta aka yi maka hoto, ka sa a Facebook ka rubuta «Alhamdulillah», mutane suna ta yi maka Allah ya sanya alheri, ba ka gyara musu ba.

Mai sola kuwa har gobe yana jiran kiranka. Ka sa ya lissafa maka faranti da batir na gida mai ɗaki takwas da rijiyar burtsatse. Gidan da ka kwatanta masa na maƙwabcinka ne.

Gaskiya ɗaya, baje kolin Kaduna ya yi suna, ban isa in hana shi ba. Abin da ban gane ba shi ne yadda kake buga ƙirji kana cewa «namu». Na san amsarka, Kaduna ƙasar Zazzau ce. To, mun ji. Amma da Turawa za su tashi daga Zungeru a 1917 su kafa hedikwatar Arewa, ai Zariya tana nan da ganuwarta da fadarta. Suka leƙa, suka ga irinka, suka ce gara bakin kogi wajen kadoji.

Duk wannan wasa ne. Inda abin yake ci min rai, kuma a nan zan zauna, shi ne wajen zane da littafi, don a nan ne bai kamata a ce ɗan Zariya ya ji kunya ba.

Ka san abin da garinku ya haifa kuwa? A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo. Malamansu Turawa na koya musu zane irin na makarantun Ingila, su kuma suka ce za su karɓi dabarar amma za su zuba mata abin gida, zanen jiki da na bango da tatsuniyoyin garuruwansu. Daga wannan taurin kai aka samu babban reshe na zanen Najeriya na zamani. Yau aikin wasunsu sai mai miliyoyi, a Legas ko a Landan ake gwanjonsa. A Zariya suka koyi riƙe buroshi, a ƙarƙashin hancin kakanninka, kuma na rantse babu ko ƙyalle ɗaya nasu a zaurenku. Da Bakano ne yake maƙwabtaka da su a lokacin, da ya saye na ƙarƙashin gado ma ya ajiye, ko bai gane me aka zana ba.

Har yanzu sashen yana nan a Samaru, yara na fitowa, suna baje aikinsu na kammala karatu. Kana zuwa, ban hana maka wannan ba. An ce kai ne ma na farkon shiga. Ka tsaya a gaban zane, ka goya hannu a baya, ka karkatar da kai hagu, ka karkatar dama, ka ja da baya taku uku, ka ce, «Hmm. Akwai saƙo.» Yaron da ya yi wata biyu yana shan garin kwaki don ya sayi fenti da kyanbas ya matso jiki na rawa. Ka tambaye shi nawa. Ya faɗa. Ka dafa kafaɗarsa ka ce Allah ya yi wa karatu albarka, ka ɗauki hoton zanen da waya, ka wuce teburin lemo. Addu'a abu ce mai kyau, Malam, amma mai sayar da fenti a Sabon Gari ba ya karɓarta a madadin kuɗi.

Littafi kuma ai gidansa ne Zariya. Can aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Can Kamfanin Gaskiya ya zauna. Can Abubakar Imam ya yi aikin da ya sa har yau yaron da bai taɓa taka Zazzau ba ya san Magana Jari Ce. Jaridar nan kwabo ɗaya ce tak, amma ina da labari mai ƙarfi cewa kakanka aronta yake yi, ya karanta, ya mayar da ita da maiƙon ƙosai.

Da aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, a 2017, sannan aka zo da na Hausa, HIBAF, a 2021, sai na ce to, yau ɗan birnin ilimi zai fitar da mu kunya. Ina! Marubuciya ta gama karatu, aka ce masu tambaya. Hannunka ya riga na kowa. Aka ba ka makirufo, ka gyara murya ka ce kai ba tambaya gare ka ba, ɗan ƙarin bayani ne. Ƙarin bayanin ya fi karatun tsawo. Ka ce al'adar karatu ta mutu a Arewa, matasa sun koma waya, gwamnati ta yi sakaci, iyaye sun yi sakaci, a da ba haka ake ba. Aka tafa maka, har da masu tafin Allah ya sa ka zauna. Ana tashi ka bi ta teburin littattafai, ka ɗaga ɗaya, ka shinshina, ka duba bayansa, ka ajiye. Sannan ka tare baiwar Allah a bakin ƙofa ka ce ta sa maka hannu a kwafi ɗaya na kyauta, in kuma sun ƙare, ko akwai PDF ta turo maka ta WhatsApp.

Wa ya kashe al'adar karatun, Bazazzagi? Gawar tana cikin aljihunka.

Ku kuna yi mana dariya wai Bakano bai san komai ba sai ciniki. Da littattafan soyayya suka ɓarke a nan wajen ƙarshen shekarun 1980, masana suka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, ana yatsina. To kasuwar ce ta riƙe su. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba a zauren taro aka raya su ba. Matan aure ne suke tsakurar canjin cefane su aiki yaro ya sayo, wadda ba ta da na saye ta biya na haya, littafi ɗaya ya zaga layi har bangonsa ya cire. Takardar ba ta da kyau, bugun wani lokaci sai ka runtse ido, amma marubuci ya ga kuɗi ya sake rubuta wani. Yanzu harkar ta koma waya, marubuciya na sakin shafi-shafi ga waɗanda suka tura 'yan ɗaruruwan naira. Kafin gari ya waye wani ya kwafe ya watsa a guruf kyauta. Ba na zargin kowa. Na dai lura kana cikin guruf da yawa.

Na san tun ɗazu kana murmushi kana wasa wuƙa, don haka bari in riga ka. E, na sani. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, a daidai lokacin da dawakinmu ke turke suna cin harawa, don 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarautar da ya taso a shekarar. Takarda a hannu, fili wayam. Ka yi dariyarka, ta halatta. Na kuma san za ka tono zancen 2019, da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar sallah a gidan zoo, har gwamna ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma. Wannan ma na ba ka. Amma ka lura da abu ɗaya: kafin a ce an haɗiye miliyan shida da ɗoriya, sai da Kanawa suka biya su a ƙofa, tikiti bayan tikiti, da yara da goyo. Da a Zariya ne, da birin ya kwana da yunwa.

Shoprite kuma da kake cewa ta gudu daga Kano a farkon 2024, ai ba mu ce ba ta tafi ba. Shekara goma ta yi a Ado Bayero Mall. Ka tambayi kanka me kake shiga yi a lokacin. Sanyi kake sha, ka tura kwando fanko daga wannan layi zuwa wancan, ka yi hoto a gaban tuffa, ka fito da ruwan gora ɗaya, shi ma ni na biya.

Hawan Daushenmu dai ka san ba a haɗa shi da komai, ko kana musu a baki. Washegarin sallah da yamma, sarki ya fito ya bi ta unguwanni, ya tsaya Babban Ɗaki ya gai da mahaifiya, ya dawo Ƙofar Kudu. Hakimai ɗaya bayan ɗaya da jama'arsu, 'yan lifida, 'yan sulke, 'yan bindiga suna ta da hayaƙi, algaita da kakaki, sannan a saki dawakai a guje a zo a yi jafi a gaban sarki, ƙura ta rufe kowa. Kashegari Hawan Nassarawa, daga baya Ɗorayi ko Fanisau. Da aka rufe mana wannan, Kanawa da yawa sun bi hanyar Kwanar Ɗangora sun je kallon naku, kuma sun dawo suna yabawa. Ni ma na yaba, a hankali, inda ba mai ji. Zagezagi kun iya zaman sirdi, kun iya naɗi, rigunanku kuma sun sha allura, ba a banza ake zancen ɗinkin hannu na birnin Zariya ba. Shi ke nan, na faɗa, kar ka sa a firem.

Sai dai na gano dalilin da ya sa duk cikin bukukuwa hawa ne ka fi ƙwarewa a kai. Ba a yankar tikiti. Ka samu gindin bishiya ka tsaya, shi ke nan. Ba ka taɓa tambayar wa ya biya ba. Dokin nan da ya wuce ka cikin daƙiƙa biyar, shekara guda ana ba shi dawa da dusa da kanwa, ga mai kula da shi, ga sirdi da linzami da likkafa da jalala, ga rawani da alkyabba, ga abincin mutanen da suka taso daga ƙauye suka kwana a ƙofar gidan hakimi. Akwai baduku da maƙeri da maɗinki da marini da suke jiran wannan mako tun bara. Wani ya zuba dukiya don kai ka ce «kai, na bana bai kai na bara ba».

Mu ma muna da namu ciwon, ban ɓoye ba. Bakano zai je kallon hawa da buhun ruwan leda a ka, sarki ya zo wucewa yana ba da canji bai gani ba. Ka kai shi nunin zane ya tambayi nawa ne dozin. Ka gayyace shi walima ya fito da lissafin abin da mai rumfa da mai kujeru suka samu. Amma ko ba komai in ya shiga wuri kuɗi na motsi, wani ya koma gida da na cefane. Kai in ka shiga, kujera ce kawai take ɗumi.

Saboda haka ga hukunci. Takutaha mai zuwa, mako guda bayan Mauludi, ka zo mu hau Dala tare da jama'a, in gwiwar ta yarda. Hawa kyauta ne, na fara maka da mai sauƙi don kar zuciyarka ta buga. Daga nan mu gangara Gidan Makama, ka sa hannu a aljihu, da kanka, ka biya mana kuɗin shiga, zan zo da shaidu biyu. Mu wuce karofin Ƙofar Mata, wanda allon ƙofarsa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ramukan da yawa sun bushe, kuma ba baba da toka ne suka ƙare a duniya ba, masu ɗaukar hoto ne suka fi masu saye yawa. Za ka zaɓi turmi ɗaya mai shuɗi, a kai shi wajen masu bugu ya yi ƙyalli, ka kai wa uwargida. Na yarda ka yi ciniki, amma ban da «bari in zagayo». Mu ƙare a Jakara da gurasa bandashe, wannan ni zan saya, don ba a ce Bakano ya bar bawansa da yunwa ba.

Kafin nan akwai tsohon bashi. Watan cika-ciki nawa ya wuce ba ka biya ni kuɗin shara ba? Kullum sai ka ce ai ni ne zan ba ka, a kawo tarihi, a kawo dattawa. Babu dattijon da za a tayar. Zan turo maka lambar asusu yau da daddare. Ka turo kuɗi, Na-Kufena. In ka turo min «Allah ya bar zumunci» da hoton hannu biyu a haɗe, wallahi mako mai zuwa sai na ba da labarin ranar da ka bi layin karɓar kyautar yara a baje koli, ka ce jikanka ne ya aiko ka.